Yadda Za Ka Gyara Matsalar Raba Fayil Tsakanin Windows, Mac da Ubuntu a Netwok Ɗaya

Tambayar nan ta yawaita. Masu shagon buga takardu, masu tace bidiyon biki, da ma'aikatan ƙananan ofisoshi duk kuka ɗaya suke kawo min: "Malam, kwamfutocin nan suna kan rauta ɗaya, kowacce tana shiga intanet, amma wannan ba ta ganin waccan." Wani ya ce jiya ta yi, yau ta ƙi. Wani ya ce tun da ya sabunta Windows 11 foldar da ya shekara yana shiga ta rufe masa. Idan abin ya ishi mutane sai su koma wa filash, a zare nan a soka can, har ranar da filashin zai kwaso ƙwayar cuta ya raba wa kowa.

Zan bi da kai ta wani shago da na yi wa wannan aikin. Akwai kwamfutar tebur mai Windows 11 a kan kanta, akwai MacBook na yaron da ke zana katin biki da fosta, sai wata tsohuwar kwamfuta a lungu da aka sa wa Ubuntu don ajiyar ayyuka. Duka ukun suna jone da rauta, wato na'urar da ke haɗa su tana raba musu intanet, kuma hanya ɗaya suke bi wajen miƙa wa juna fayil, sunanta SMB, kuma tana cikin Windows da Mac tun asali, a Ubuntu ne kawai za ka saka manhajar Samba. Matsalar kusan kullum tana ɗaya daga wurare biyar: haɗi, adireshi, ƙofa, suna da kalmar sirri, sai izini. Ka bi su a jere yadda na jera su. Wanda ya fara taɓa izini alhali kwamfutocin ba sa kan netwok ɗaya, zai kwana yana aikin banza.

Abin da za ka tanada

Babu manhajar da za ka saya. Abin da zai iya cin kuɗi shi ne kebul na Cat5e ko Cat6 da ake sayarwa mita-mita, da kawunan RJ45 da ake matsewa a bakin kebul, da ƙaramin swic, wato akwatin da ke ƙara ramukan kebul, mai rami 5 ko 8 idan ramukan rautarka sun ƙare. In za ka sayi swic, ka duba an rubuta gigabit ko 10/100/1000 a jikinsa. Kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. Sai takarda da biro, domin za ka rubuta adireshi da sunan kowace kwamfuta, sannan ka tabbata kana da kalmar sirrin shiga rauta da ikon mai gudanarwa a kan kowace na'ura.

Ana yawan tambaya ko wannan aikin yana cin data. Ba ya ci. Fayil ɗin daga kwamfuta zuwa rauta yake zuwa, daga rauta zuwa ɗaya kwamfutar, bai fita waje ba. Ko datarka ta ƙare ƙarƙaf, muddin rauta tana kunne, aiki yana tafiya.

1. Tabbatar suna netwok ɗaya

A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta:

ipconfig

Nemi layin IPv4 Address da na Default Gateway. A Ubuntu, buɗe Terminal ka rubuta ip a. A Mac, shiga System Settings, ka danna Wi-Fi, sannan Details. Rubuta lambobin a takarda, ka jera su.

A ƙananan netwok na gida da shago, rukuni ukun farko na lambar dole su zama ɗaya, na ƙarshe ne kawai zai bambanta. 192.168.0.10 da 192.168.0.23 'yan gida ɗaya ne. 192.168.0.10 da 192.168.8.101 ba su haɗa gida ba. A shagon da nake ba ka labari, nan aka fara samun matsala. Mai shagon ya rantse min duk suna kan intanet ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa: MiFi ce ke kawo intanet, an jona ta da wata rauta da ke raba wa kwamfutoci ta kebul. Yaron mai MacBook kuwa kai tsaye yake kama Wi-Fi na MiFi ɗin, saboda a cewarsa ta fi sauri. Intanet ɗaya, netwok biyu. Da na ce masa ya koma Wi-Fi na rautar, lambarsa ta canza ta shigo sahun sauran.

Idan ka ga lamba ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rauta ba sam, ita ta ƙirƙiro wa kanta. Duba kebul, duba ko fitilar ramin tana haske, ka kashe rauta ka kunna.

Gargaɗi: Wi-Fi na baƙi da wasu rautoci ke bayarwa an yi shi ne don kada na'urori su ga juna. Haka ma wani saiti mai suna AP Isolation ko Client Isolation. In yana kunne, lambobi za su yi daidai amma babu mai jin wani. Ka shiga shafin rauta ka kashe shi. In kuma akwai VPN, wato manhajar da ke karkatar da haɗinka ta wata hanya, a kan wata kwamfutar, ka kashe shi tukuna har ka gama gwaji.

2. Kafe adireshin kwamfutar da ke riƙe da fayil

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ne silar "jiya ta yi, yau ta ƙi". Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka juya zuwa janareta, rauta tana mutuwa ta tashi, kuma tana iya sake rabon adireshi bisa wanda ya riga zuwa. Kwamfutar da jiya take 192.168.0.10 yau ta zama 192.168.0.14, hanyar da ka ajiye kuwa tana nan tana neman tsohuwar lamba.

Rubuta lambar Default Gateway a burauza, ka shiga shafin rauta, ka nemi sashen DHCP, wato inda rauta ke rabon adireshi. A ciki akwai wurin da ake kira Address Reservation ko Static Lease, ya danganta da kamfanin. Zaɓi kwamfutar, ka ba ta lamba ta dindindin. Ka tuna ramin kebul da Wi-Fi na kwamfuta ɗaya kowanne da shaidarsa daban, don haka ka kafe wanda ake amfani da shi. In rautarka ba ta da wannan wurin, ka sa lambar da hannu a kwamfutar, amma ka zaɓi wadda ke wajen zangon da rauta ke rabawa, don kada na'urori biyu su yi karo a lamba ɗaya.

3. Ƙwanƙwasa ƙofa

Daga ɗaya kwamfutar, a Command Prompt ko Terminal, ka rubuta ping, umarnin da ke gwada ko wata kwamfuta za ta amsa, da adireshin, misali:

ping 192.168.0.10

In amsa ta dawo, madalla. In ba ta dawo ba, kada ka yanke hukunci tukuna, domin katangar tsaron Windows, wato firewall, takan ƙi amsa ping ko da komai lafiya. Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na ƙofar da SMB ke saurare, wato ƙofa mai lamba 445. Daga Windows, buɗe PowerShell:

Test-NetConnection 192.168.0.10 -Port 445

Abin da kake nema shi ne TcpTestSucceeded ya nuna True. Daga Mac ko Ubuntu kuwa:

nc -vz 192.168.0.10 445

In ƙofar ta amsa, ka manta da kebul da rauta da katangar tsaro gaba ɗaya, ka tsallaka zuwa mataki na 5, matsalarka ta suna ce ko izini. In ba ta amsa ba, ko dai ba a kunna rabon fayil a can ba, ko katanga ta tare. Wannan gwajin na minti ɗaya yakan raba maka aikin gida biyu, shi ya sa ba na taɓa komai sai na yi shi.

4. Buɗe ƙofar a Windows

Windows tana raba netwok gida biyu, Public da Private. Duk wanda ta ɗauka Public, takan rufe ƙofofi, kamar dai kana filin jirgi cikin baƙi. Windows 11 kuwa sabon netwok Public take fara ɗaukarsa. Shiga Settings, Network & internet, danna Wi-Fi ko Ethernet ɗin da kake kai, ka mayar da shi Private network.

Daga nan ka je Advanced network settings, sannan Advanced sharing settings. A ƙarƙashin Private networks ka kunna Network discovery da File and printer sharing. A ƙarƙashin All networks ka bar Password protected sharing a kunne. A Windows 10 waɗannan suna cikin Control Panel, a Network and Sharing Center.

Gargaɗi: in an canza rauta ko an canza sunan Wi-Fi, Windows za ta ɗauke shi sabon netwok ta koma Public. Sai ka sake dubawa. Kuma in ka saka wata manhajar riga-kafi mai katangarta, ita ma sai ka gaya mata wannan netwok amintacce ne. Kana iya kashe katanga na minti biyu don gwaji, amma ka mayar da ita nan take. Barinta a kashe ba gyara ba ne.

5. Buɗe asusu ɗaya na musamman don rabo

Nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Idan wata kwamfuta ta nemi shiga foldarka, za a tambaye ta suna da kalmar sirri. Sunan da ake nema na kwamfutar da ke riƙe da foldar ne, ba na wadda kake zaune a gabanta ba. Lambar PIN da kake buɗe Windows da ita ba ta aiki a nan, haka zanen yatsa. In da asusun Microsoft kake shiga, sunan shi ne imel ɗinka, kalmar sirrin kuma ta asusun Microsoft ɗin, kuma in ba ka taɓa shiga kwamfutar da wannan kalmar ba sai da PIN, takan ƙi karɓa. Asusun da ba shi da kalmar sirri kwata-kwata shi ma Windows ba ta barin a shiga da shi ta netwok. Ga kuma wata matsalar: ba ka son ma'aikatanka su san kalmar sirrin imel ɗinka.

Mafita ita ce asusu ɗaya na cikin kwamfuta, wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Buɗe Command Prompt ta Run as administrator ka rubuta:

net user rabo * /add

Za ta nemi kalmar sirri sau biyu, ba za ka ga abin da kake bugawa ba, haka abin yake. Ka zaɓi mai ƙarfi.

Gargaɗi: asusun da aka buɗe ta wannan hanya kalmar sirrinsa takan ƙare bayan kwana 42. Na taɓa komawa wani ofis bayan mako shida cif saboda wannan, kowa yana cewa ba wanda ya taɓa komai, kuma gaskiyarsu ne. Don kada ya same ka, buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa ka rubuta:

Set-LocalUser -Name rabo -PasswordNeverExpires $true

6. Raba foldar, ka ba da izini sau biyu

Kada ka raba folda daga Desktop ko Documents. Suna cikin gidan mai asusun ne, izininsu da sarƙaƙiya, kuma sau da yawa OneDrive na kwashe abin da ke cikinsu zuwa intanet, sai ka ga data tana zuba ba ka san dalili ba. Buɗe sabuwar folda a C:\Aiki ko D:\Aiki.

Danna ta da maɓallin dama, Properties, Sharing, Advanced Sharing, ka sa alama a Share this folder. Danna Permissions, ka cire Everyone, ka ƙara rabo, ka ba shi Change da Read. Wannan makulli na farko ke nan.

Na biyu yana shafin Security na wannan tagar. Danna Edit, Add, rubuta rabo, ka ba shi Modify. Windows tana duba makullan biyu, wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Shi ya sa za ka ga mutum yana buɗe folda yana karantawa, amma in ya zo ajiyewa a ce masa ba shi da izini: an buɗe na farko, an manta na biyu.

Gargaɗi: kada ka raba C: gaba ɗayanta, kuma kada ka ba Everyone cikakken iko don kawai abu ya yi sauri. A shago, takardun mutane ne a ciki, sakamakon jarrabawa, hoton fasfo, takardar fili. In Password protected sharing a kashe take, duk wanda ka ba kalmar sirrin Wi-Fi zai iya kai hannu gare su.

7. Shiga da adireshi, kada ka jira ta bayyana

Wurin nan mai suna Network a File Explorer ba abin dogaro ba ne. Windows tana neman maƙwabta ta wata hanya, Mac da Ubuntu suna sanar da kansu ta wata daban, don haka rashin ganin kwamfuta a jerin ba ya nufin ba za a iya shigarta ba. Rubuta adireshin da hannunka.

Daga Windows, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta:

\\192.168.0.10\Aiki

Daga Mac, a Finder danna Command da K, ka rubuta:

smb://192.168.0.10/Aiki

Zaɓi Registered User, ba Guest ba. Daga Ubuntu, buɗe Files, ka nemi akwatin Connect to Server da ke ƙarƙashin Other Locations ko Network, ka rubuta irin na Mac. Ka lura sandunan Windows baya suke kwanciya, na Mac da Ubuntu gaba. Wannan kaɗai ya sha hana mutane shiga.

In Windows ta ƙi sunan, ka haɗa da sunan kwamfutar da ke riƙe da foldar, misali KANTA\rabo. Da zarar ta buɗe, ka ajiye hanyar: a Windows ta This PC, Map network drive, ka sa alama a Reconnect at sign-in da Connect using different credentials. A Mac ka sa foldar cikin Login Items.

In kuma lallai kana son kwamfutar Windows ta riƙa fitowa a jerin, buɗe services.msc ka mayar da Function Discovery Resource Publication da Function Discovery Provider Host zuwa Automatic. Ta Ubuntu kuwa ƙaramar manhaja mai suna wsdd ce ke sa Windows ta gan ta.

8. In Mac ce ke rabawa

System Settings, General, Sharing, ka kunna File Sharing. Danna alamar bayani da ke gefensa, ka ƙara foldar da alamar +, ka zaɓi wanda zai karanta da rubutawa. Sai abin da ake mantawa: danna Options, ka tabbata an kunna rabawa ta SMB, sannan a ƙarƙashin Windows File Sharing ka sa alama a gaban asusun, ka buga kalmar sirrinsa. In ba ka yi wannan ba, Windows na iya ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take. Ka yi amfani da gajeren sunan asusun, wanda za ka gani in ka rubuta whoami a Terminal. MacBook da aka rufe murfinta ta yi barci, foldarta ma ta tafi da ita.

9. In Ubuntu ce ke rabawa

A Terminal, ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt install samba
sudo adduser rabo
sudo mkdir -p /srv/ajiya
sudo chown rabo:rabo /srv/ajiya
sudo smbpasswd -a rabo

Layin ƙarshen nan shi ne wanda ake tsallakewa. Samba tana da kundin kalmomin sirrinta daban da na Ubuntu, in ba ka sa mutum a ciki ba, ba ta san shi ba. Yanzu buɗe /etc/samba/smb.conf, bayan ka yi kwafinsa ka ajiye, ka ƙara wannan a ƙarshe:

[Ajiya]
path = /srv/ajiya
valid users = rabo
read only = no

Rubuta testparm don ta duba maka kuskuren rubutu, sannan:

sudo systemctl restart smbd
sudo ufw allow samba

Gwada daga kan kwamfutar kanta da smbclient -L localhost -U rabo, in babu smbclient ka saka shi da sudo apt install smbclient. In Ajiya ta fito a nan amma ba a iya shiga daga waje, katanga ce. In ba ta fito ba, koma wa smb.conf.

Gargaɗi: na zaɓi /srv da gangan. Tun daga Ubuntu 21.04, foldar gidan kowane mai asusu a rufe take ga sauran, don haka in ka raba wani abu daga cikin /home na wani, rabo ba zai iya ratsawa ya kai gare shi ba. Haka faifan waje da ka soka ya hau /media: na wanda ya shiga kwamfutar ne shi kaɗai, kuma ba ya hawa sai an shiga. In faifan ajiya ne na dindindin, ka ba shi mazauni a /etc/fstab. 

10. Karanta abin da kuskuren ya ce

Mutane sukan danna OK kafin su karanta. Ka ɗauki hotonsa da waya.

Lamba 0x80070035, mai cewa ba a sami hanya ba, tana mayar da kai mataki na 1 zuwa na 4, ko kuskuren rubuta sunan folda. Access is denied yana nufin an gane ka amma ba a yarje maka ba, wato mataki na 6. In tagar kalmar sirri tana ta dawowa, mataki na 5 ne, ko kuma tsohuwar kalma ce ta maƙale. A Windows buɗe Credential Manager, Windows Credentials, ka goge shigarwar wannan kwamfutar. A Mac ka goge ta a Keychain Access. Ka yi wannan da wuri in ka canza kalmar sirri, domin kwamfutar da ke ta gwada tsohuwa tana iya sa Windows 11 ta kulle asusun na ɗan lokaci, kowa ya rasa shiga.

Akwai kuskure mai lamba 1219, da ke cewa ba a yarda a shiga kwamfuta ɗaya da suna biyu ba. Rufe tagogin File Explorer ka rubuta:

net use * /delete

Wannan zai yanke duk haɗin da ke akwai, har da waɗanda ka ajiye, sai ka sake shiga da sunan da ya dace.

Sai wanda ya yi yawa kwanan nan, saƙon da ke cewa dokokin tsaro sun hana shigar baƙo, wato block unauthenticated guest access. Windows 11 sigar 24H2 ta tsananta a nan: tana buƙatar a sa hannun tabbaci a kan haɗin SMB, kuma a Windows 11 Pro ta daina yarda a shiga folda a matsayin baƙo mara kalmar sirri. Foldar da ka saba shiga babu tambaya ita ce yanzu ta rufe. Za ka ga ana yawo da umarnin da ke kashe wannan kariyar. Ni ban ba ka shawarar haka ba. Je ka ɗaya ɓangaren ka buɗe asusu mai kalmar sirri kamar yadda muka yi a mataki na 5 ko na 9, aikin minti biyar ne, kuma sabuntawa ta gaba ba za ta rushe shi ba.

11. Tsohuwar fotokofi da tsohuwar kwamfuta

Manyan injinan fotokofi na hannu da suka cika shagunanmu da yawansu suna iya tura sikanin zuwa folda, amma wasu tsohon SMB1, wato sigar farko ta SMB, kaɗai suka sani. Windows XP ma haka. Windows 10 ta daina zuwa da shi a kunne tun sigar 1709 ta 2017, shekarar da cutar WannaCry ta bi ta rauninsa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Samba ita ma ta kashe shi daga siga ta 4.11 a 2019. Windows 7 ba ta cikin wannan matsalar, ta san SMB2.

Mai gyara zai iya ce maka, "Alhaji, a kunna SMB1 kawai a wuce wurin." Zai yi aiki, amma ka buɗe rami a kwamfutar da ke riƙe da aikin mutane. Ka fara tambayar ko akwai sabuwar manhajar cikin injin. In babu, yawancinsu suna iya turawa ta FTP, wato wata hanyar tura fayil daban, ko imel, ko filash. In ya zama dole, ka ware wata tsohuwar kwamfuta da babu komai mai muhimmanci a kanta, ita kaɗai ta karɓi sikanin.

12. Ta buɗe, amma wasu fayiloli sun ƙi, ko tana jan ƙafa

Windows ba ta karɓar waɗannan alamomi a sunan fayil: \ / : * ? " < > |. Mai Ubuntu zai iya sa wa fayil suna da alamar tambaya ko ɗigo biyu, ya zauna lafiya a wurinsa, ya ƙi kwafuwa ko ya fito da baƙon suna a Windows. A Ubuntu, Rasit.pdf da rasit.pdf fayiloli biyu ne, a Windows ɗaya ne. Folda cikin folda cikin folda har hanyar ta haura harafi 260 ita ma takan gagari wasu manhajojin Windows. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna wucewa lafiya ta SMB, ka rubuta sunan fayil da Hausa daidai ba fargaba. Inda sukan lalace shi ne cikin zip da aka ɗaure da tsohuwar manhaja. Ƙananan fayilolin nan kuwa, .DS_Store da masu farawa da ._, na Mac ne, ba cuta ba ce.

In an ce wani yana amfani da fayil alhali babu kowa, buɗe fsmgmt.msc a kwamfutar Windows da ke rabawa, ka duba Open Files, ka tambayi mai sunan kafin ka rufe, kada ya rasa abin da bai ajiye ba. Ka kuma sani Windows ta gida da ta ofis ba ta ɗaukar fiye da na'ura 20 a lokaci ɗaya. Cibiya mai kwamfutoci da yawa gara ta ɗora ajiyarta a kan Samba.

Batun sauri lissafi ne. Haɗi mai megabit 100 yana kwashe kusan megabait 11 a daƙiƙa, gigabit kuwa kusan 110. Bidiyon biki mai gigabait 20 zai ci kusan rabin awa a na farko, minti uku a na biyu. Duba Link speed a Settings, ƙarƙashin Ethernet. In ka ga 100 alhali kayanka gigabit ne, zargi kebul: gigabit na buƙatar duka silin waya takwas, megabit 100 huɗu kawai, don haka kai ɗaya da ba a matse da kyau ba ya isa ya sauko da kai. A shagon nan, kan RJ45 ɗaya muka yanke muka sake matsewa, lambar ta tashi daga 100 zuwa 1000 a gaban idon mai shagon. Rautoci masu araha da yawa ramukansu 100 ne, sai ka jona kwamfutocin a swic na gigabit, swic ɗin ka jona shi da rauta. Hotuna dubu ƙanana sun fi fayil babba ɗaya jinkiri, ka ɗaure su a zip kafin ka tura.

13. Wayoyi

A iPhone, manhajar Files tana da Connect to Server tun iOS 13, ka rubuta smb:// da adireshin. A Android kana buƙatar manhajar fayil mai SMB, irin su Cx File Explorer ko Solid Explorer. Wannan na ma'aikata ne. Kwastoma da ya zo buga takarda kada ka ba shi asusun rabo. LocalSend kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac, Linux, Android da iPhone ta Wi-Fi ɗaya ba tare da data ba, kuma ba ta buɗe masa foldarka.

14. Gwajin ƙarshe

Kafin ka tattara kayanka, daga kowace kwamfuta ka ƙirƙiri fayil a foldar, ka canza masa suna, ka buɗe shi daga wata, ka goge. Sannan ka je Power settings na kwamfutar da ke rabawa ka hana ta barci muddin tana jone da wuta, allo kawai ya riƙa mutuwa. Daga nan ka yi abin da wutar lantarki za ta yi maka gobe: kashe kwamfutocin yadda ya dace, zare rauta daga soket, jira minti ɗaya, ka kunna rauta tukuna, sai kwamfutar ajiya, sai sauran. In foldar ta buɗe a kowacce ba tare da ka buga komai ba, ka rubuta adireshin, sunan folda da sunan asusu a takarda ka manna a cikin durowar kanta. Kalmar sirrin kuwa ka ba mai shagon a hannunsa, ya adana ta a wani wurin daban.